Hosfot ɗin masu rediyon sha'awa a kan rifitar kamfani: abin da ke wucewa da abin da ke maƙalewa

Kamfanin kai kayan gini ne a Amurka, irin mai manyan motoci da fili na jibge yashi, bulo da rodi. Rediyon aikinsa na dijital ne, nau'in DMR, ƙirar Motorola: rifita guda, wato na'urar da ke karɓar siginar rediyo ta sake watsa ta don ta kai nesa, SLR 5700, da eriyarta a saman hasumiyar filin, oba-oba na hannu XPR 7550e ga ma'aikatan fili, sai XPR 5550e a cikin motoci. Lasisinsa daga FCC yake, hukumar sadarwa ta Amurka, ƙarƙashin Sashe na 90 na dokokinta, wanda ya shafi irin wannan rediyon kamfanoni, da firikwensi biyu tsakanin 450 da 470 MHz masu tazarar 5 MHz: rifita na saurare a na sama, tana watsawa a na ƙasa. DMR na raba tasha gurbin lokaci biyu: direbobi na magana a gurbi na 1, ma'aikatan fili a na 2.

Sai kamfanin ya kama wani sito a bayan tudu, inda siginar rifitar ba ta sauka. Manaja kuma yana son ya riƙa jin direbobinsa daga gida tun da asuba. Ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin kamfanin yana da lasisin rediyon sha'awa, wato na masu yin rediyo don koyo da nishaɗi ba don kasuwanci ba, kuma ya saba da hosfot, wata 'yar na'ura da ba ta cika tafin hannu ba, wadda ke karɓar siginar oba-oba a cikin ɗaki ta zuba ta a intanet. Shawararsa ita ce a ajiye ɗaya a sito, ɗaya a gidan manaja, a haɗa su da rifitar ta intanet. Kuɗin duka biyun bai kai na oba-oba guda ba.

Shawarar ba ta wauta ba ce, shi ya sa ake yawan faɗawa cikinta. DMR ƙa'ida ce buɗaɗɗiya da cibiyar ETSI ta Turai ta fitar a 2005 da lamba TS 102 361. Faɗin tasha 12.5 kHz ne, an raba shi gurbi biyu da ke karɓa-karɓa kowane milisakan 30, kuma kusan kowa da AMBE+2 na kamfanin DVSI yake matse murya. Saboda haka abin da XPR 7550e ke furzarwa a iska, hosfot na iya karanta shi. A cikin hosfot ɗin akwai ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi Zero, a samansa allon MMDVM mai ɗauke da STM32F103 da guntun rediyo ADF7021, wanda ƙarfinsa bai wuce kimanin miliwat 10 ba. Ba ya warware murya ko kaɗan. Guntayen AMBE+2 yake kwasa yadda suke, ya naɗe su, ya tura.

Haɗawa a kan teburi

Cikas na farko shi ne na'urorin biyu ba yare ɗaya suke yi a intanet ba. Hosfot mai manhajar Pi-Star ta Andy Taylor, wadda ke tafiya a kan MMDVMHost na Jonathan Naylor, da tsarin Homebrew yake magana: ya aika RPTL na neman shiga, ya amsa ƙalubalen kalmar sirri da RPTK, ya bayyana kansa da RPTC, daga nan murya ta riƙa tafiya cikin fakitin DMRD. Rifitar Motorola kuwa IP Site Connect ta sani, IPSC a taƙaice, tsarin kamfanin ne na kansa mai ɗaukar rifita har 15, ɗaya a matsayin uwa sauran suna rajista a wajenta, galibi ta ƙofar UDP 50000. Motorola ba ta saki bayanin IPSC ga jama'a ba. Abin da masu sha'awa ke aiki da shi sun gano shi ne ta hanyar leƙa fakiti, kuma aikin da aka fi sani shi ne DMRlink na Cort Buffington, wanda shi ne ya rubuta HBlink, manhajar saba mai magana da tsarin Homebrew.

Dole ke nan a gina gada a kan wata kwamfutar Linux mai adireshin IP da ba ya canzawa. A manhajar CPS, wadda ake tsara rediyon Motorola da ita, an mayar da rifitar Peer, wato mai rajista a wajen uwa, a sashen Link Establishment, an ba ta adireshin kwamfutar da ƙofa 50000 da makullin tantancewa, wanda ke ɗaukar haruffan heks har 40, sannan a kan tashar kanta an buɗe IP Site Connect ga gurbin da ake so ya fita waje. A kwamfutar, IPSC_Bridge, rabin gadar mai magana da rifita, ya tsaya a matsayin uwa, yana miƙa wa HB_Bridge, rabin mai magana da Homebrew, ta ƙofofi biyu na cikin gida. Ƙofar fitar wannan ita ce ta shigar wancan. In ba a gicciya su ba, kowanne zai nuna yana lafiya amma ba abin da zai ƙetare. HB_Bridge ya shiga HBlink3, inda hosfot ɗin ke rajista. Duka gadojin biyu da Python 2 aka rubuta su, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, don haka tun daga tushe an ɗora sadarwar kamfani a kan manhajar da ba mai toshe mata ɓaraka.

Gwajin duka a teburi aka yi shi, an cire eriyar hosfot an ɗaura masa abin shanye sigina mai om 50, oba-obar gwaji na gefensa a ƙaramin ƙarfi.

Da aka danna maɓallin magana, shiru. A kundin aikin MMDVMHost ga layi ɗaya yana maimaituwa: RF user 101 rejected. Dalilin yana cikin manhajar. Idan hosfot na kan Private, lambar mai shi kaɗai yake karɓa. Ko an mayar da shi Public, yana raba lambar rediyo da 10,000, in sakamakon sifili ne ko ya haura 999 ya ƙi ta, domin an gina shi ne don lambobi masu ƙwaya bakwai da RadioID.net ke rabawa, waɗanda ke farawa da lambar ƙasa. Kamfanoni kuwa 101, 102, 205 suke ba rediyoyinsu. Mafita ita ce a ɗaga lambar zuwa 10,000 ko sama, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne: lambar na cikin jerin sunayen kowane rediyo a kamfanin, daga ita kuma ake ƙirƙiro adireshin IP na rediyon, wanda a tsarin asali ke farawa da 12. Sauya lamba guda na nufin a tattaro rediyoyin kamfanin kaf a sake loda musu tsari.

Bayan wannan sai murya ta fara wucewa a kakkarye, ma'aunin kuskure na BER a shafin Pi-Star ya yi sama. Alluna masu araha sukan kauce daga firikwensin da aka ba su da 'yan ɗaruruwan haz, saboda agogon TCXO ɗinsu na 14.7456 MHz bai cika daidai ba, rediyon Motorola kuma ba ya yafe wannan. Ana gyarawa da saitin RXOffset: a matsa da haz 100, a yi magana na daƙiƙa goma, a duba BER, a sake matsawa, har a sami inda ya fi sauka, a kuma sa adadin a TXOffset. Abin nema shi ne ƙasa da kashi 1 cikin 100. A bari allon ya ɗumama kafin a fara, in ba haka ba abin da aka auna da safe zai goce da rana.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Hosfot mai guntun rediyo ɗaya a gurbi na 2 yake kai komai ga saba, direbobi kuwa suna gurbi na 1, sai an rubuta doka a rules.py, fayil ɗin dokokin HBlink, mai ɗauke rukunin maganarsu daga wannan gurbi zuwa wancan. Sunan sabar kamfani sai a /root/DMR_Hosts.txt, domin babban jerin ana sake sauko da shi da dare, abin da aka ƙara da hannu ya shafe. Ƙofar da ba ta cikin waɗanda Pi-Star ta sani sai an rubuta ta a /root/ipv4.fw. Data ba matsala ba ce: fakiti guda na bayit 55, da kan IP da UDP ya zama 83, yana fita kowane milisakan 60, kimanin kilobit 11 a daƙiƙa ke nan.

Daga nan murya ta fita tsab, daga hosfot zuwa rifita, daga rifita zuwa hosfot. A nan ne mafi yawan masu wannan gwaji ke cewa an gama, alhali murya ce mafi sauƙin abin da kamfani ke biyan kuɗi a kansa.

Abin da bai ƙetare gadar ba

Oba-obar da ke aiki da rifita ba ta fara magana kai tsaye. Tana tada rifitar tukuna, ta jira amsa, sannan ta yi ɗan ƙaran da ke cewa a yi magana. In rifita ba ta amsa ba, wani ƙara daban ake ji, kuma kowane direba ya san ma'anarsa: ba wanda ke jin ka, ɗauko waya. Tashar da aka shirya don hosfot mai firikwensi ɗaya ba ta da wannan musayar, domin a wajen rediyon magana ce ta kai-tsaye tsakaninsa da wani rediyo. Intanet ɗin sito na iya yankewa, Raspberry Pi na iya sanƙarewa, wani na iya zare cajar don ya cika wayarsa, rediyon zai ci gaba da nuna komai lafiya. Hosfot mai guntu biyu, wanda ke kwaikwayon rifita, bai magance wannan ba, ya ma fi yaudara: shi zai amsa wa rediyon ya ba shi izinin magana, ko da ba abin da ke fita daga ginin.

Haka in mutum biyu suka danna tare. Rifitocin IPSC na sasantawa a tsakaninsu kan wa ya riga, wanda ya makara rediyonsa ya hana shi. Ta gada kuwa, HBlink zai ga gurbin a cike ya zubar da kira na biyu, mai shi kuma ya gama bayaninsa kaf yana jiran amsa. Lokutan riƙe gurbi ma ba su dace ba: a tsarin asali rifitar Motorola na riƙe wa rukuni gurbi daƙiƙa 3 bayan an saki maɓalli, HBlink na riƙewa 5, sannan MMDVMHost na tara murya na milisakan 360 kafin ya saki, don ya shanye tangal-tangal ɗin intanet. Sakamakon shi ne mutumin sito kullum a makare yake shiga hira, kalmarsa ta farko kuma takan ɓace.

Maɓallin gaggawa, mai launin ruwan lemon nan da ke saman XPR 7550e, shi ne abin da ya kamata ya tsayar da maganar tun kafin a zo kan doka. Ƙararrawar ba murya ba ce, saƙon sarrafawa ne da rediyon ke ta maimaitawa har sai wani ya amsa cewa ya karɓa. Gadar nan guntayen murya da lambar mai kira da ta rukuni take ɗauka, ta sake gina kan kiran da kanta a ɗaya ɓangaren. Saƙonnin sarrafawa ba sa cikin abin da aka gina ta ta ɗauka. A sito, inda mutum ɗaya kan kasance shi kaɗai da na'urar ɗaga kaya, wannan maɓallin shi ne dalilin ba shi rediyo tun farko. Haka sauran ma ba sa ƙetarewa: rajistar ARS da ke nuna wa ofis wane rediyo ne a kunne, rahoton wuri na GPS, saƙon rubutu mai neman tabbaci, duba rediyo daga nesa, da kashe wanda aka sace. Kowannensu tambaya ce da amsa cikin ƙayyadadden lokaci, gadar kuma ba ta san su ba.

Sai batun sirri. Kamfanin na amfani da Enhanced Privacy, tsarin kulle magana na Motorola mai makullin ARC4 na bit 40. Kafin murya akwai wani kai na musamman da ke gaya wa mai karɓa wane makulli ne kuma daga ina lissafin ya fara. Gadar da ke sake gina kan kira ba ta mayar da shi, don haka abin da ya isa ɗaya gefen surutu ne ko shiru. Don gwajin ya yi aiki sai da aka kashe kullin, kuma don mai hosfot ya ji sauran, sai an kashe wa kowa a rukunin. Da a ce rifitar na da RAS a kunne, wato tsarin Motorola da ke hana baƙon rediyo hawa, shi ma sai an sauke shi, tunda hosfot bai san makullinsa ba. A kan intanet kuma, Homebrew da IPSC tantance mai shiga kawai suke yi, ba sa ɓoye abin da ake faɗa. Duk wanda ya kama fakitin a hanya yana da manhajoji na kyauta da za su mayar masa da su murya. Ramin VPN irin WireGuard na rufe wannan, yana kuma magance layin intanet na salula da ba ya ba da adireshin da za a iya kira daga waje. Amma Pi-Star na zuwa da sunan shiga pi-star da kalmar sirri raspberry, kuma ba kowa ke tunawa ya sauya ba.

Kamfanin da ke kan Capacity Plus, wani tsarin Motorola da rukunoni ke karɓa-karɓar gurabe a cikinsa, bai ma kai nan ba. A can rediyoyi na bin tashar jira da ke yawo tsakanin gurabe, lambar rediyo ba ta wuce 65,535, kuma hosfot bai san wannan tsarin ba sam.

A wane firikwensi zai zauna?

Ko da an warware duk na sama, hosfot na'urar watsawa ce, dole ya zauna a wani wuri a iska. Wurare biyu ne kawai, kuma dukansu a rufe suke.

In an ajiye shi a zangon masu sha'awa, 420 zuwa 450 MHz a Amurka, Sashe na 97 ne ke mulki. Doka ta 97.113 ta hana duk maganar da mai lasisi ke da ribar kuɗi a cikinta, ta kuma ambaci wadda ake yi a madadin wanda ya ɗauke shi aiki. Ta hana ɓoye ma'anar saƙo. Ta hana maimaita siginar tashar da ba ta masu sha'awa ba, in ban da 'yan abubuwan da aka keɓe kamar hasashen yanayi na gwamnati, rifitar kamfani kuwa ba ta cikinsu. Doka ta 97.119 na son a faɗi lambar kira kowane minti 10. Mai kula da sito da zai danna oba-oba a wannan zango ba shi da lasisi, wanda ya saɓa wa sashe na 301 na dokar sadarwa ta 1934. Lasisin da zai fara shiga haɗari na ma'aikacin nan ne da ya kawo shawarar. Wannan ba tsaurin Amurka kaɗai ba ne, ma'anar da ƙungiyar ITU ta ba wa rediyon sha'awa ta ce don koyo ne da bincike ba tare da neman kuɗi ba, kuma daga nan ƙasashe ke ɗauko nasu dokokin.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta fi muni: BrandMeister, cibiyar DMR ta intanet, na karɓar rifitocin Motorola ta IPSC kai tsaye, ba sai an gina gada ba. Amma cibiyar masu sha'awa ce, tana neman lambar mai lasisi, tana nuna kowane kira a shafin da kowa ke gani, kuma kuskuren lambar rukuni guda zai fitar da hirar direbobi a rifitocin mutane a wasu ƙasashe.

In kuma an ɗaga shi zuwa firikwensin kamfani, guntun ADF7021 zai je, amma doka ta 90.203 na son duk na'urar da ke watsawa a Sashe na 90 ta kasance mai takardar amincewar FCC don wannan aiki. Allunan MMDVM da ake sayarwa ba su da ita. Ba takarda ce ta banza ba, ana auna tsayuwar firikwensi da yawan dattin da na'ura ke zubarwa a tashoshin maƙwabta, kuma allon da sai an gyara masa kaucewar ɗaruruwan haz da hannu ya riga ya nuna inda yake. Lasisin kansa ya ƙayyade wurin da rifita take, tsayin eriya, ƙarfi, nau'in sigina, wato 7K60FXE na murya da 7K60FXD na data, da kuma da'irar da motoci za su yi yawo a ciki. Na'urar da aka kafa a gidan manaja tasha ce a wurin da ba ya cikin takardar. Tashoshin wannan zango kuma na haɗaka ne: wani kamfanin a gari na gaba na iya riƙe da firikwensi iri ɗaya, kuma an ba shi ne bisa lissafin inda eriyar kowa take.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce ai miliwat 10 ne kawai, ba ya fita daga gida. Sashe na 15, wanda ya ba da damar ƙananan na'urori marasa lasisi, yana da iyaka ta gama-gari a 15.209: maikrovolt 200 a kowace mita, in an auna daga nisan mita 3, tsakanin 216 da 960 MHz. In aka juya shi zuwa ƙarfi, kimanin nanowat 12 ne. Miliwat 10 ya ninka wannan fiye da sau 800,000. Ƙanƙantar hosfot a idon mai rediyo ce, ba a ma'aunin doka ba.

Kuskure ɗaya da ya cancanci a ambata ko don gwajin teburi: kada a ba hosfot firikwensin da rifitar ke saurare a kai. Abin da ya fito daga rifita ta gada zai fita ta hosfot ya koma cikinta, kiran ya riƙa zagaye, gurbin ya kulle har sai an zare wuta.

Abin da ya dace da buƙatun biyu

Buƙatun biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma haɗa su a magani guda shi ne asalin ɓatan.

Sito na buƙatar sigina ta gaske, saboda haka rifita ta biyu ce amsarsa. SLR 1000 ta isa: wat 1 zuwa 10, tana da kariyar IP65 daga ƙura da ruwa, ana kafa ta a bango. Ana neman mata sabon firikwensi biyu ta hannun mai daidaita firikwensi da FCC ta amince da shi, irin su Enterprise Wireless Alliance, a gyara lasisin da fom 601 a ƙara wurin, kuma a yanka mata na'urar raba watsawa da saurare daidai da sababbin lambobin. Rifitar fili ta zama uwa, ta sito ta yi rajista a wajenta, su biyun a cikin ramin VPN tsakanin rauta da rauta. Gurbi na 1 a buɗe shi ga wuraren biyu don direbobi, na 2 a bar kowane wuri da nasa, domin kiran da aka buɗe wa IPSC yana cinye gurbin a dukkan rifitoci lokaci guda, ko ba mai saurare a can. A rediyoyi a zuba tashoshin biyu cikin jerin yawo guda, a kunna siginar sanarwa da rifita ke fitarwa lokaci-lokaci in ba mai magana, a sa ma'aunin ƙarfin da rediyo zai fara neman wata rifitar a kansa, a fara da kamar -108 dBm. Daga nan a shiga mota a bi hanyar tudun ana kallo. In rediyo na manne wa rifitar fili har murya ta lalace kafin ya sauya, a ɗaga ma'aunin. In yana ta tsalle tsakanin biyun a kan tudu, a sauke shi. Rifitar sito, rauta da modem duk a kan batirin ajiya guda za su zauna. Amfanin da ya fi kowanne shi ne in intanet ya yanke, rifitar sito na ci gaba da yi wa mutanen sito aiki, maɓallin gaggawa da kullin magana kuma ba abin da ya taɓa su.

Da a ce matsalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a cikin filin da rifita ke rufewa, na'urar ƙara ƙarfin sigina mai takardar amincewa, ƙarƙashin doka ta 90.219, za ta fi sauƙi. Ba ta ƙirƙiro sigina a inda babu, don haka ba ta yi wa bayan tudu amfani.

Manaja kuwa ba sigina yake buƙata a gidansa ba, murya yake buƙata, kuma wayarsa ta isa. WAVE PTX na Motorola, ko manhajojin ofis irin SmartPTT da TRBOnet, na haɗuwa da tsarin ta hanyar da kamfanin ya amince da ita, su fito da rukunin a wayar salula. Mai son araha na iya ajiye XPR 5550e guda a ofis a matsayin tashar sarrafawa, a ƙaramin ƙarfi, a ɗauko murya da layin dannawa daga soket mai ƙafa 26 da ke bayansa zuwa akwatin da ke zuba su a intanet. In eriyarsa ba ta haura mita 6.1 ba, shigar da shi a lasisi ya fi sauƙi. Wannan hanya na da nata aibin: ana warware murya a sake matse ta, don haka takan ɗan dusashe, duk wanda ya yi magana daga waya da lambar rediyon ofis zai bayyana, kuma dole a sa akwatin ya riƙe murya na kusan rabin daƙiƙa har rifita ta ba da izini, in ba haka ba kalmar farko ta tafi. Sai dai duk abin da ke watsawa a iska rediyo ne mai takarda, a wurin da lasisi ya sani.

Hosfot ɗin kuma ya koma gidan mai shi, inda aikinsa yake. Ba abin da ya hana mai lasisin sha'awa amfani da rediyon Sashe na 90 a zangon 70 cm, wato 420 zuwa 450 MHz ɗin nan, kuma XPR 7550e na UHF na farawa daga 403 MHz, don haka yana iya ɗaukar tashoshin hosfot a wani rukunin tashoshi daban, in kamfani ya yarda. Abin da zai ci karo da shi shi ne lamba: rediyon da ke ɗauke da 101 don aiki ba zai shiga BrandMeister ba, shi ya sa da yawa ke ajiye na biyu, irin AnyTone AT-D878UV da ke ba kowace tasha lambarta. Gadar da aka gina ma ba asara ba ce. Tsohuwar rifitar XPR 8400 da kamfani ya ajiye, in aka sauko da ita ƙasa da 450 MHz, aka sake yanka mata na'urar rabawa, aka goge makullan kamfani da RAS daga cikinta, aka kuma nema mata firikwensi daga masu daidaita rifitocin sha'awa na yankin, tana iya hawa IPSC_Bridge ɗin nan da dokokin rules.py iri ɗaya, da lambar kiran mai ita a saitin CWID, inda rifita ke sanar da lambar kiranta.